Ya Sayar Da Motarsa Domin Ubansa, Ya Neme Ta Bayan Shekara 26

Mai karatu, ka taɓa rabuwa da wani abu da kake ƙauna domin ka fid da gidanku daga kunya? Haka ya faru ga wani saurayi mai suna John Schnatter, mutumin garin Jeffersonville cikin jihar Indiana ta Amurka.

A shekara ta 1983 bashi ya kusa rufe mashayar da ubansa yake ci da iyali da ita. Saurayin nan bai daɗe da gama jami'a ba, ba shi kuwa da wata dukiya sai motarsa, Chevrolet Camaro Z28 ƙirar 1971, mai launin zinariya da baƙin zane. Ya sayar da ita dala 2,800, aka rage bashi. A 1984 ya gyara wani ɗan ɗaki da ake ajiye tsintsiya a bayan mashayar, ya soma gasa fiza, wato irin gurasar nan ta Italiya da ake shafa wa tumatir da cuku. Daga wannan lungu kamfanin Papa John's ya tashi, har ya kai rassa dubbai.

Arziki ya zo, amma zuciyarsa tana wurin motar. Har ya sa aka haɗa masa wata mai kama da ita sak. Ina! Kama da wane ba ta wane.

Neman tsohuwar mota ba ƙaramin aiki ba ne. Fenti yakan sake, inji yakan sake, lambar da ke gaba da baya ma takan sake. Abin da ba ya sakewa shi ne lambar da masu ƙira suka buga a jikin ƙarfen, sai kuma takardun da ke nuna hannun da ta bi. Dole mai nema ya bi sawu daga wannan mai saye zuwa wancan, kamar mai cigiyar saniya.

A 2009 ya yi shela ko'ina cikin ƙasa, ya sa ladan dala 250,000. Iyalin da suka fara sayenta daga hannunsa suka ji labari, suka bi sawu, sai ga ta a Flatwoods, wani ƙaramin gari a jihar Kentucky, maƙwabciyar Indiana. Ashe duk shekarun nan ba ta yi nisa ba. Mai ita ya riga ya sa mata babban inji da faffaɗan tayoyi domin tsere. Aka ba shi dala 250,000, iyalin nan kuma aka ba su tukuicin dala 25,000.

Wani zai ce wannan almubazzaranci ne, kuɗin ya yi kusan ninki 90 na abin da aka sayar da ita. A ganinmu ba ƙarfe kaɗai ya saya ba, akwai ranar da ya tsaya wa ubansa a ciki. Don murna, kamfanin ya ba duk wanda ya zo da Camaro fiza kyauta rana guda.

A 2015 aka kai motar wani bikin tsofaffin motoci a Detroit, ɓarayi suka sace ta. Bayan 'yan kwanaki aka tsince ta a yashe cikin birnin, ta sāke komawa hannun mai ita.