Gasar Jamusanci ta ƴan lise: me yaro ke ci, me uwaye ke biya?

Duk bayan shekara biyu, Jamus tana karɓar yara ƴan makaranta sama da ɗari daga ƙasashe fiye da 50 domin wata gasa da ba gudu a cikinta, ba ƙwallo, baki kaɗai ke aiki. Ita ce gasar duniya ta harshen Jamusanci, wadda ake taƙaita sunanta da IDO. Cibiyar Goethe, mai kula da yaɗa harshe da al'adun Jamus a waje, ita ke shirya ta tare da ƙungiyar malaman Jamusanci ta duniya. An yi ta a Dresden a 2008, a Balin a 2016, a Freiburg a 2018. A 2020 cutar korona ta sa aka yi ta ta intanet, kowa daga gidansu. A 2022 Hambug ta karɓi baƙi, a 2024 kuma Göttingen.

Mun ɗauko zancen ne saboda ƴan uwanmu da fatauci ya zaunar a zangon Lome, Abijan, Yawunde ko Garwa. Ƴaƴansu suna zuwa lakkol a can, kuma wata rana yaro zai shigo da takarda a hannu ya ce mushe ya ce a zaɓi harshe na biyu bayan Ingilishi, ko alman ko ispanyol. A Kamaru da Kodebuwa tun aji na 4e ake wannan zaɓi, kuma ƙasashen biyu suna sahun gaba a Afirka wajen yawan masu koyon Jamusanci. Uwa tana tsakiyar awo, uba yana jiran kaya a por, sai a ce ma yaro ya ɗauki wanda ya ga dama. To, ga abin da ke bayan takardar.

Gasar ta yara ce masu shekara 14 zuwa 17. Tana farawa daga makarantu, a tace, a kai ga zagaye na ƙasa, daga nan kowace ƙasa ta tura yara biyu da malami guda. Ba a haɗa sabon shiga da wanda ya daɗe, kowa da matakinsa. Turawa sun kasa sanin harshe hawa shida: A1 da A2 na mai iya gaisuwa da ciniki, B1 da B2 na mai iya hira da rubuta wasiƙa, C1 da C2 na wanda ya ƙware. Waɗannan haruffa ku riƙe su, domin su ake tambaya a kowace ƙofa ta Jamus.

Yadda ake gwajin ya fi ba mu sha'awa. Ba zama ake yi a cika takardar nahawu ba. Ana sakin yaran cikin gari su duba, su yi tambaya, su dawo kowa ya tsara abin da ya gani da rubutu da hoto. Bayan haka a gauraya su rukuni-rukuni, ɗan Kamaru da ƴar Biyetnam da ɗan Brazil, a ba su magana guda su shirya su gabatar gaban alƙalai. Ba su da wani harshen da ya haɗa su in ba Jamusancin ba. Alƙalai suna duba kyawun harshe, suna kuma duba wa ya saurari ɗan uwansa, wa ya danne kowa. Duk wadda ta taɓa yin ciniki da Bayarabiya a Kwatano da guntun Faransanci da nunin yatsa ta san wannan jarrabawa, ta kuma san cewa mai kunyar kuskure ba ya sayar da komai.

Harshen kansa yana da ƙaya. Mu namiji da mace muka sani, su sun ƙara jinsi na uku. Sau da yawa aikatau sai ƙarshen magana yake zuwa, dole ka jira mutum ya gama kafin ka san saye ya yi ko sayarwa. Ƙidaya kuwa a juye take: inda muke cewa ashirin da ɗaya, su ɗaya da ashirin suke cewa, abin da zai iya sa mai canji ya yi asara a ranar farko.

Akwai wata hanya ban da IDO. Hukumar musayar ɗalibai ta Jamus, PAD, tana gayyatar yaran da suka yi fice a Jamusanci su yi mako huɗu a ƙasar, wani ɓangare a gidan iyalin Bajamushe suna bin ƴaƴan gidan zuwa makaranta. Tun 2008 kuma akwai shirin PASCH, wanda ya haɗa makarantu wajen 2,000 a duniya da ake ba littattafai da horon malamai. Yaron da ke irin wannan makaranta ya fi kusa da jin labarin gasa a kan lokaci.

Yanzu ga inda muke so a buɗe kunne. Kyautar gasa ziyara ce. Yaro ya je, ya gani, ya dawo ajinsa. Ba takardar zama ba ce, ba gurbin jami'a ba ce. Gurbin gasar kuma ba na sayarwa ba ne, ta hannun makaranta da malaman Jamusanci yake bi. Wanda ya zo rumfarki ya ce ki kawo jika ɗari biyar ya sa sunan ɗanki cikin masu tafiya Jamus, ki tambaye shi wace makaranta, wane malami, wane mataki yaron ya ci. In ya fara kame-kame, ki riƙe adashinki.

Karatun jami'a bayan bak lissafinsa daban. Yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba su karɓar kuɗin karatu, sai ɗan abin rajista, ko da yake jihar Baden-Württemberg ta sa ma baƙi daga wajen Tarayyar Turai yuro 1,500 kowane zango tun 2017. Amma kafin a ba ɗalibi biza sai ya nuna abin da zai ci. A 2024 an tsayar da adadin a kan yuro 11,904 na shekara guda, a ajiye a asusun da ba a cira sai wata-wata. Da yake yuro ɗaya sefa 656 ne, kuɗin sun kai miliyan 7 da dubu 800. Jarin babban kanti ke nan. Hanyar da ta fi sauƙi ga ɗan talaka ita ce koyon sana'a, inda kamfani ko asibiti ke biyan ɗan koyo albashi yana karatu, kuma a nan galibi B1 ake nema tun kafin a tashi. Jarrabawar wannan mataki a cibiyoyin Goethe ake yin ta, irin na Lome, Wagadugu, Abijan, Legas da Yawunde, kuma da kuɗinta.

Ko yaro bai taka Jamus ba, harshen yana da kasuwa. Da yawa daga motocin hannu da ake saukewa a Kwatano da Lome daga tashoshin ruwan Turai suke fitowa, har da Hambug, da takardunsu cikin Jamusanci. Dilan da ɗansa ke iya karanta takardar binciken mota ya san shekarunta da lahaninta kafin ya biya, ba sai ya dogara da bakin ɗan kamasho ba.

Hambug ɗin nan ma ba yau ɗan ƙasar nan ya fara ganinta ba. Heinrich Barth, matafiyin da ya kira kansa Abdul Karim, haifaffen garin ne. Ya shiga Agadas a 1850, ya bi ta Tasawa a 1851, daga baya ya zauna Damagaram, kuma da Hausa yake hira da mutane. Da zai koma a 1855 ya tafi da samari biyu da aka ƴanta daga bauta, Abbega da Dorugu. Dorugu ɗan yankin Kance ne. Ya ga Hambug, ya zauna Ingila wajen wani malamin mishan Bajamushe mai suna Schön, wanda ya rubuta labaran da yaron ya ba shi da baki, suka shiga littafin Magana Hausa na 1885. Dorugu ya dawo ya yi aikin tafinta, ya rasu a Kano a 1912. Har yanzu jami'ar Hambug tana cikin jami'o'in Jamus da ake karantar Hausa, kuma sashen Hausa na Muryar Jamus yana aiki tun shekarun 1960.

Ga wanda ɗansa ke gab da zaɓi, tambayoyin da za a kai ma darektan makaranta ba su da yawa: akwai malamin alman tsayayye ko na wucin gadi ne, awa nawa ake yi a mako, kuma makarantar ta taɓa tura yara zagayen ƙasa? Ƴan mata ma a tambaya da su, domin ƙa'idar gasar ba ta ware kowa ba, kuma malami ne ke raka yaran tun daga filin jirgi har su dawo.