Ira Aldridge, Gwanin da Landan Ta Ƙi

Ranar 25 ga Maris 1833, Edmund Kean, wanda a lokacin babu na biyunsa a wasan kwaikwayo a Ingila, ya yanke jiki ya faɗi a kan dandalin Covent Garden yana cikin wasan Othello. Bai sake hawa dandali ba. Masu gidan suka ɗauko wani saurayi mai shekara 25, Ira Aldridge, ya fito a wannan matsayi ranar 10 ga Afrilu. Othello baƙar fata ne a labarin Shakespeare, amma fiye da shekara 200 Turawa ne ke shafa baƙi a fuska suna fitowa a madadinsa. Ran nan sai ga mai fatar da kansa.

Dare biyu kacal ya yi. 'Yan kallo sun tafa masa, jaridu kuwa suka yi masa ca. Wata mujalla ba ma wasan ne ya dame ta ba, haushinta shi ne baƙin mutum ya taɓa Ellen Tree, Baturiyar da ta fito a matsayin matarsa. A shekarar ce majalisar Ingila ke muhawarar 'yanta bayi, masu gonakin raken da bayi ke nomawa kuma suna da kuɗi da baki a Landan. Aka soke sauran dararen.

An haifi Aldridge a New York a 1807, ɗa ne ga wani mai wa'azin Kirista, kuma ba bawa ba ne. Ya koyi wasa a African Grove, ƙaramin gidan wasa na baƙaƙen fata wanda Turawan unguwa da 'yan sanda suka hana sakat har ya mutu. Ganin babu mafita, ya tsallaka Ingila a 1824. Can ne ya fara cewa shi jikan sarakunan Fulani ne na Senegal, aka riƙa buga haka a takardun talla. Babu shaidar wannan asali. Amma wanda ya san yadda ake kallon baƙin Amurka a lokacin zai gane abin da ya sa saurayi ɗan ci-rani ya nemi rigar sarauta ya yafa.

Doka ta ba manyan gidaje biyu ne kawai, Covent Garden da Drury Lane, ikon nuna irin wasannin Shakespeare a Landan duk shekara, har zuwa 1843. Idan suka rufe maka ƙofa, sai ka nufi garuruwa. Nan Aldridge ya yi kusan dukan ƙuruciyarsa: Hull, Manchesta, Libaful, Edinburgh, Dublin, Belfast, da ƙananan garuruwan Ailan da ko sunansu ba a ji a Landan.

Aikin ba na rago ba ne. Kowane gari yana da 'yan wasansa na gida. Baƙon gwani zai sauko daga keken doki da akwatin tufafinsa, ya gaisa da mutanen da bai taɓa gani ba, a yi gwaji sau ɗaya da hantsi, da dare a kunna fitilu a fara. Ya yi 'yan kwanaki, a ware masa dare guda da zai ɗauki kaso daga kuɗin ƙofa, gari ya waye ya ɗaure kaya. In ruwa ya hana mutane fitowa a daren nan, wahalar mako ta tafi a banza.

Yana da wata dabara da nake ganin ita ce zuciyar sana'arsa. Yakan fara da Othello, ya shaƙe matarsa, ya gano ƙarya aka yi mata, ya kashe kansa, ɗaki ya yi tsit. Bayan ɗan hutu sai ya dawo a matsayin Mungo, bawa mashayi a wasan barkwanci The Padlock, da jita a hannu yana waƙa, mutanen da suka share hawaye ɗazu suna riƙe ciki don dariya. Mai kallo ya zo da tunanin abu ɗaya baƙin mutum ya iya, ya koma gida ya ga biyu a dare guda. A daren bankwana kuma yakan tsaya gaban labule ya yi wa jama'a magana kan zaluncin bauta. Mutanen da ba su taɓa zama ɗaki ɗaya da baƙar fata ba, a bakinsa suka ji. A 1828, yana ɗan shekara 20, mutanen Coventry suka yarda da shi har aka ba shi ragamar gidan wasan garin na wasu watanni, a lokacin da 'yan'uwansa baƙaƙen fata ke cikin mari a Jamaika.

Ana yawan ba da labarin shekarun nan kamar gudun hijira ya yi. A ganina can aka ƙera shi. Gaban masaƙa da masunta da 'yan tireda ya koyi fitowa a matsayin Shylock da Macbeth na Shakespeare, yana shafa fari a fuska, ya mayar wa Turawa da abin da suka saba yi da Othello.

Da ya tsallaka zuwa sauran ƙasashen Turai a 1852, da wannan gwaninta ya tafi. Yana magana da Ingilishi, abokan wasansa suna amsa masa da Jamusanci, kuma ɗaki ya cika. Sarkin Prussia ya ba shi lambar zinariya. A 1858 ya isa Rasha, inda mawaƙin Yukren Taras Shevchenko, wanda shi kansa an haife shi cikin ƙangin bauta, ya yi abota da shi ya zana hotonsa. Ko can ma bai tsaya a manyan birane ba, ya bi garuruwan cikin ƙasa inda ba a taɓa ganin Shakespeare ba. Landan ta buɗe masa ƙofa daga baya, ya hau dandalin Lyceum a 1858 da Haymarket a 1865.

Yaƙin basasar Amurka ya ƙare, yana shirin komawa ƙasar haihuwarsa ya yi wasa, sai ciwo ya kama shi a kan hanya. Ya rasu ranar 7 ga Agusta 1867 a Lodz ta ƙasar Poland, garin masaƙu, inda ya je yin Othello, aka binne shi a can. 'Yarsa Amanda ta zama malamar murya a Landan, kuma a wurinta baƙin ɗan wasan Amurka Paul Robeson ya yi horo lokacin da zai fito a matsayin Othello a 1930. Ta ba shi 'yan kunnen da mahaifinta ke sawa a wasan.