Bayani A Kan Gado Da Kyauta Da Suka Zo Daga Wata Ƙasa, Da Abin Da Ke Kansu Na Haraji Da Zakka

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah mai gadon ƙasa da abin da ke kanta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Amma bayan haka, ka sani ya kai ɗalibi, mutanenmu sun watsu cikin ƙasashe, wasu a Sudan da Makka tun zamanin tafiyar ƙafa, wasu a Ingila da Amurka. Mutum yakan rasu can, magadansa suna gida, dukiya ta iso an rage wani abu da sunan haraji, sai husuma ta tashi tsakanin 'yan'uwa. Ga bayanin mas'alar a kan mazhabar Imamu Malik.

Fasali na farko, cikin jerin haƙƙoƙi. Ana fara fitar da haƙƙin da ya rataya ga wani abu ayyananne, kamar jingina, sannan kuɗin likkafani da binnewa, sannan bashi, sannan wasiyya daga sulusi, sannan magada. Harajin hukuma ba ya cikin waɗannan a littattafan fiƙihu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, ya lissafa cikin Kitabul Farƙi ƙwace dukiyar mamaci a cikin zaluncin sarakunan zamaninsa. Hukumomin yau kuwa sun saɓa: Saudiyya ba ta karɓar harajin gado, Nijeriya ta sa shi a 1979 ta soke shi a 1996, Ingila tana karɓar 40 cikin 100 na abin da ya haura fam 325,000, ban da abin da dokarsu ta yafe, kamar rabon mata ko miji.

To abin da aka karɓe tun dukiya ba ta iso ba, hasararsa tana kan magada duka gwargwadon rabonsu. Misali, mutum ya rasu a Ingila, bayan jana'iza da bashi ya bar tsabar kuɗi fam 425,000, magadansa 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Abin da ya haura 100,000 ne, harajinsa 40,000, saura 385,000. A kasa shi biyar: kowane namiji 154,000, mace 77,000. Bai halatta ɗan da ke zaune can ya ɗauki rabonsa daga 425,000 ya bar hasara a kan na gida ba. Shi wakili ne, abin da ke hannunsa amana ce, sai ya nuna musu takardar hukuma.

Fasali na biyu, cikin zakka. Malamai suna kiran gado da kyauta fa'ida, watau dukiyar da ta zo wa mutum ba daga ribar wata dukiya tasa ba. Babu zakka a cikin tsabar kuɗin fa'ida sai shekara ta kewayo daga ranar da suka shiga hannu. Ranar mutuwa ba a lissafi da ita, ko da dukiya ta shekara biyar a kotun wata ƙasa. Idan ka aiki wakili ya karɓa maka, lissafinka daga ranar karɓarsa ne, haka yake cikin Mudawwana. Nisabi dinari 20 ne, kimanin giram 85 na zinariya, ko dirhami 200, kimanin giram 595 na azurfa. Abin fitarwa ɗaya cikin arba'in. Ita macen nan, idan kuɗinta sun shekara a hannunta ba su ragu ba, za ta fitar da 1,925.

Idan abin da ka gada gida ne ko kaya, babu zakka sai ka sayar, ka karɓi kuɗin, su shekara. Idan kana da nisabi cikakke kafin gado ya zo, kowace dukiya da shekararta. Idan ta farko ba ta cika nisabi ba, sai a haɗa ta da ta biyu, a fara lissafi daga ranar da nisabi ya cika.

Faɗakarwa: kada ka ce haraji ya isar maka ga zakka. Zakka ibada ce, tana da niyya, tana da masu cinta kashi takwas da Alƙur'ani ya ambata cikin Suratut Tauba. Haraji an karɓe shi daga dukiyar mamaci tun ba ta zama a hannunka ba, ya tafi baitulmalin wata hukuma. Haƙƙin matalauta yana nan a wuyanka.

Fasali na uku, cikin kyauta. Kyauta tana lizimta da magana, amma ba ta cika sai da karɓa. Idan ɗan'uwanka ya ce ya ba ka kuɗi, ya rasu ba ka karɓa ba, kai ko wakilinka, kyauta ta ɓaci, ta koma gado. Idan ya bayar cikin ciwon ajali, daga sulusi take fita, kuma idan wanda aka ba magaji ne, sai da yardar sauran magada. Dokar Ingila ita ma tana duban kyauta: abin da mutum ya bayar cikin shekara bakwai kafin rasuwarsa ana lissafa shi wajen ƙididdigar harajin gadonsa. Saboda haka wanda aka aiko wa kyauta mai yawa ya rubuta ranar da ta shiga hannunsa, ya kafa shaidu biyu. Da wannan rana zai kare kansa idan magada suka yi jayayya, da ita kuma zai san watan zakkarsa.

Wanda ke zaune a baƙuwar ƙasa ya rubuta wasiyyarsa tun yana da lafiya, ya bayyana a raba dukiyarsa bisa shari'a, domin alƙalan can da dokarsu suke rabo idan ba su sami takarda ba.

Allah ne mafi sani. Ya tsare mu daga cin dukiyar marayu, Ya gafarta wa wanda ya rubuta da wanda ya karanta da iyayensu. Tammat bi hamdillahi.