Likita namiji ne ko mace? Kada na'ura ta yanke mana hukunci

Yau a kasuwannin Maraɗi, Damagaram da Tawa, wayar salula ta zama tafinta. Hajiyar da ke sayo leshi da takalma daga Dubai ko Istambul tana rubuta saƙonta, na'ura ta juya mata shi cikin wani harshe. To amma akwai abin da ya kamata mu sani: idan na'urar ta ci karo da sunan sana'a, sau da yawa ita ke zaɓar ko mai sana'ar namiji ne ko mace.

Abin ya fito fili ne da harshen Turkiyya, inda kalma guda, "o", take nufin "shi" kuma take nufin "ita". Jama'a sun lura cewa idan an juya magana zuwa Ingilishi, Google Translate kan mai da likita namiji, mai jinya kuwa mace. Dalili shi ne na'urar ta koyi aikinta daga ɗimbin tsofaffin rubuce-rubuce, sai ta kwaso al'adar da ke cikinsu. A watan Disamba na 2018 kamfanin ya soma ba da fassara biyu ga irin waɗannan jimloli, ta namiji da ta mace.

A wannan shekarar ma, wani ma'aikacin kamfanin ya rubuta a Gmail cewa zai gana da wani mai zuba jari, sai na'urar da ke ba da shawarar kalmomi ta kawo "shi", ba ta kawo "ita" ba. Daga nan aka hana ta ba da shawarar waɗannan kalmomi kwata-kwata.

Mu Hausawa abin ya shafe mu, tunda Google ya sa Hausa cikin fassararsa tun 2013. Muna da dillali da dillaliya, ɗan kasuwa da ƴar kasuwa. Nan babu gardama. Amma likita, direba, mai shago da mai kaya fa? Sai an ce "ya zo" ko "ta zo" kafin a gane.

Wasu na cewa ai galibin direbobi maza ne, saboda haka hasashen na'ura yakan dace. Mu dai a ganinmu, galibi ba hujja ba ce. A ciniki kuskure guda ya isa: abokin hulɗa ya ɗauka da Alhaji yake magana, alhali jarin na Hajiya ne, har ya nemi a haɗa shi da "mai gidan" kafin ya saki kaya.

Inda sunan sana'a bai nuna jinsi ba, na'ura ta yi tambaya ko ta kawo duka biyun. Mu kuma, kafin mu tura saƙo, mu rubuta sunanmu da laƙabinmu a fili, mu sa wanda ya iya harshen ya duba mana duk takardar da ta shafi kuɗi.