Hanta: Masana'antar Da Ido Ba Ya Gani

Duk wanda ya ga hanta a kan teburin mahauci a Dogarawa ko a kasuwar Sabon Gari zai ɗauka tsoka ce guda ɗaya mai santsi. Amma ɗaliban likitanci na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, waɗanda ke duba siririn yankinta da aka rina a ƙarƙashin madubin kimiyya, wani abu dabam suke gani: dubban ƙananan ɗakuna masu kusurwa shida kamar saƙar zuma, kowanne faɗinsa bai wuce milimita 2 ba. Wani likita a Landan, Francis Kiernan, ya bayyana wannan tsari a 1833.

A kusurwoyin kowane ɗaki akwai bututu uku. Na farko yana kawo jini daga hanji ɗauke da abincin da aka narkar. Na biyu yana kawo jini mai iska daga zuciya. Na uku kuwa yana kwashe ruwan matsarmama. Jinin nan yana malala a hankali ta ƴan lunguna tsakanin layukan ƙwayoyin hanta, har ya isa jijiyar da ke tsakiyar ɗakin. A wannan ƴar tafiya ne ƙwayoyin ke adana sukari, su ƙera sinadaran da ke daskarar da jini, su kuma karya ƙarfin guba da magunguna. A cikin lungunan akwai masu gadi da ke cinye ƙwayoyin cuta, waɗanda ke ɗauke da sunan Bajamushen masani Kupffer.

Da yake yawancin abin da hanji ya tsotsa sai ya bi ta nan, hanta ce ke fara karɓar dukan guba. Gyada da masarar da aka adana da danshi kan yi fumfuna mai fitar da gubar aflatoksin, wadda aka gano bayan ta kashe talotalo fiye da 100,000 a Ingila a 1960. Ita da ƙwayar cutar hanta nau'in B suna lalata ƙwayoyin hanta, haɗuwarsu kuwa na ninka haɗarin ciwon daji. Hanta tana iya sabunta kanta, amma in ɓarna ta daɗe, tabo mai tauri kan maye gurbin ɗakunan, hanyar jini ta toshe. Sau da yawa mutum ba ya jin komai sai shawara ko kumburin ciki sun bayyana.

Rigakafi dai ya fi magani. Tun 2004 Nijeriya ta sa allurar nau'in B cikin rigakafin yara, ana kuma son a yi ta farko cikin awa 24 da haihuwa. Manya su yi gwajin jini. Manomi kuma ya busar da amfaninsa sarai kafin ya kai rumbu, uwar gida ta tsince gyadar da ta yi fumfuna ta zubar, kada ta shiga ƙuli-ƙuli ko kunun yara.