HODAR IBLIS: FARIN GARI MAI TSAIDA ZUCIYA

A watan Janairu na 2022, jami'an tsaro sun tare motar magajin garin Fashi, cikin jihar Agadas. Da suka bincike ta, sai suka iske kilo 214 na hodar iblis, wadda Nasara ke kira kokayin. Mutanen karkara sun ji labarin a rediyo, amma da yawa ba su san ko mi ce ce wannan hoda ba.

Ba a noman ta a Nijar. Daga ganyen wani icce ake yin ta, sunansa koka, wanda ake shukawa a Kolombiya da Peru da Bolibiya, can Amurka ta Kudu. Ƴan fasa-ƙwabri na kawo ta ta teku har gaɓar Afirka ta Yamma, su ratsa hamada da ita, su nufi Libiya da Turai. Sai dai buhun da ya yi doguwar tafiya ba ya rasa zubar da tsaba a hanya: ana biyan wasu masu dakon da hodar kanta, su kuwa su saida ta cikin gari.

Wanda ya shaƙe ta yana jin ƙarfi, barci da yunwa su gudu, baki ya buɗe da surutu. Wannan daɗi bai wuce minti 15 zuwa 30. Daga nan sai kasala da baƙin rai, mutum ya koma neman wata. Haka kuɗin hatsi da na bisashe ke tafiya.

Babbar ɓarnarta ga zuciya take. Tana matse jijiyoyin jini, jini ya hau, zuciya ta yi ta bugawa da sauri. Saurayi lafiyayye na iya faɗuwa matacce, ko rabin jikinsa ya shanye, ko da ranar ya fara. In an haɗa ta da giya, hatsarin ya ƙaru. Mai yawan shaƙa, hancinsa na zubar da jini, har tsakanin kafofin ya huje. Wani ya riƙa zargin kowa, yana jin kamar ƙwari na yawo ƙarƙashin fatarsa. Mace mai ciki tana iya yin ɓari. Masu yin ta da allura guda kuwa suna ba juna sida da ciwon hanta.

Har yanzu babu ƙwaya ko allurar da ke yanke ƙwaɗayinta. A likita, ana kula da zuciyar mutum da barcinsa, ana yi masa magana a kai a kai, dangi kuma su raba shi da abokan shaƙa. Abin yakan ɗauki watanni, kuma wasu sukan koma.