Ƙarin Gindin Ƙwaƙwalwa da Mace Mai Juna Biyu

A gindin ƙwaƙwalwa, daidai ƙarƙashin mahaɗar jijiyoyin gani, akwai wata 'yar tsoka da ba ta wuce ƙwayar wake ba, wadda likitoci ke kira fituwitari, kuma cikin hidimomin da Allah Ya ɗora mata har da daidaita haila da saukar da nono. Ƙarin da ya fi tsirowa a kanta ba sankara ba ne, illa dai yana yawaita sinadarin furolaktin, har al'ada ta ɗauke, nono ya riƙa tsatsowa ba goyo, mace ta shekara da shekaru ba ta sami rabo ba.

Tun da aka fara ba da maganin buromokiriftin a shekarun 1970, kabagolin kuma ya biyo bayansa, galibin matan nan sun koma ɗaukar ciki, sai ga wata mas'ala da a da nadiran ake gamuwa da ita ta yawaita a gaban likitoci, domin sinadaran goyon ciki suna kumbura tsokar nan ko ga lafiyayyar mace, balle wadda ke ɗauke da ƙari. Abin tsoro shi ne ya girma ya danne jijiyar gani.

Sai dai girman ƙarin shi ke yanke hukunci. Wanda bai kai milimita 10 ba, da ƙyar ake samun mata 3 cikin 100 da yake ba su matsala, alhali babban da ba a taɓa yi wa tiyata ba yakan tsananta ga wajen mace 1 cikin 5. Bisa wannan hujja ce ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka ta shawarta a 2011 cewa, ban da wasu masu babban ƙari, a dakatar da magani da zarar ciki ya tabbata, kada kuma a dogara da awon furolaktin, tunda cikin kansa yana hawar da shi. Idan alamu suka bayyana, a ɗauki hoton MRI ba tare da allurar rini ba, a mayar da magani. Tiyata ta hanci kuwa sai lalura ta kai maƙura, an fi son ta cikin watanni ukun tsakiya.

Maslahar wannan tafarki a fili take: an rage wa ɗan tayi magani, an kuɓutar da uwa daga wuƙa, kuma akasari tana shayar da jaririnta. Amma ni a ganina sharaɗinsa ne ake sakaci da shi, wato sa ido, domin a garuruwanmu, inda na'urar MRI ta yi nisa, ciwon kai da dishi-dishin gani ga mai ciki nan take ake jingina su ga hawan jini da fargabar jijjiga. Wajibi ne likitan da ya ce a ajiye magani ya rubuta sunan ciwon a katin awo, ya kuma sanar da mace da mijinta cewa in ta daina hango abin da ke gefenta, ta zo a ranar, kada ta jira zagayowar awo.